Babi na Shida: Kaba da Alƙalami

Da wuya a sami wanda ya yi karatun Hausa a sakandare ko a kwaleji bai ci karo da sunan Mu'azu Haɗeja ba. An haife shi a 1920, jinin gidan sarautar Haɗeja ne, ya yi aikin malanta a Kano, Allah ya karɓi ransa bai cika shekara arba'in ba. Waƙoƙin da ya bari ba su cika babban kundi ba, amma suna da kaifi. Ya ja kunnen mashaya giya, ya yi kira ga neman ilimi, ya yi wa'azin bin iyaye, ya taɓa siyasar zamaninsa ba ya shakkar kowa. Hazaƙarsa ba abin musu ba ce. Sai dai ba hazaƙa kaɗai ta kawo waƙoƙin nan hannunmu ba. A lokacinsa akwai hanya shararriya da ta nufi Zariya. Can aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, can aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, can hukumar NORLA ta zauna a shekarun 1950 tana tattara rubuce-rubucen mutanen Arewa tana mayar da su littattafai. Bayan an rufe NORLA, kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a 1966 ya gaji aikin, ya yi ta sake buga littafin waƙoƙin Mu'azu, makarantu suka sa shi a manhaja. Ta wannan hanya muryar ɗan Haɗeja ta isa Sakkwato da Yola da Yamai.

Ba shi kaɗai ne mai waƙa a ƙasar Haɗeja a wancan zamani ba. Ƙasa ce ta malamai da alarammomi, kuma duk inda tawada da takarda suka haɗu a hannun Bahaushe, ba a rasa waƙar wa'azi ko ta bege a rubuce da ajami. Waɗanda ba su hau hanyar Zariya ba, rubutunsu ya tsaya cikin gafaka a zaure. Gara ta ci rabonta, damina ta ci nata.

Wannan ne ya sa nake ganin idan ana maganar damar da ke gaban marubuci ko mai sana'ar hannu a wannan yanki, kuskure ne a fara da tambayar ko akwai masu fasaha. Akwai su, sun ma yi yawa. Abin bincike shi ne hanyar da ke tsakanin mai yi da mai saye, da wanda yake riƙe da ita, da abin da ke saura a hannun mai yi bayan kowa ya cire nasa. A kan wannan, matar da ke saƙa tabarma a ƙauyen Guri da yarinyar da ke rubuta labari a waya a cikin birnin Haɗeja, damuwarsu ɗaya ce, ko da ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba.

Mu fara da ƙasar kanta. Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, ya biyo ta Wudil da Ringim ya gangaro. Da ya iso nan sai ƙasa ta baje, ruwa ya rasa gangare, ya rarrabu rassa-rassa ya malale cikin fadama har Nguru, kafin a can wajen Gashuwa ya sadu da kogin Jama'are su nufi tafkin Chadi. A bakin wannan fadama ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja suke zaune: Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma. An san yankin da kifi da shinkafa da alkama da tattasai, ga riɗi da zoɓo a kan tudu. Abin da ba a cika ambata ba shi ne goruba da kabarta. Masu bincike da suka zauna a ƙauyukan fadama a shekarun 1990 sun sa kaba cikin manyan albarkatun daji da gidaje ke dogaro da su, tare da kanwa da itacen wuta, musamman a watannin da rumbu ya yi ƙasa.

Wanda bai taɓa tsayawa kan mai saƙar tabarma ba, ba zai san yawan aikin da ke cikin abin da yake takawa da ƙafa ba. Sai an shiga daji an yanko kaba, ita kuwa tana da ƙaya a gindi, ba ta barin hannu lafiya. A shanya ta ta bushe, a tsaga ta siri-siri daidai wa daida, domin idan wani tsagi ya fi wani faɗi saƙar za ta karkace. Wadda za a yi ado da ita a dafa ta da galura, ja ko kore ko shuɗi, a sake shanyawa. Kafin a fara saƙa sai an yayyafa ruwa ta yi laushi. Ba a saƙa tabarma gaba ɗaya. Doguwar saƙa ake yi mai faɗin tafin hannu ko fiye, mace na hira tana yi, tana jiran tukunya tana yi, tana goyo tana yi, saƙar na tsawo tana naɗe ta a gefe. Sai ta isa sannan a jera a haɗa gefe da gefe da ɗinki, a kashe baki. Gwana ana gane ta a wurin haɗin nan: ka ɗaga tabarmarta ka duba ta a rana, ba za ka ga haske na ratsawa ba.

Ranar kasuwa kuma cinikin ba ya ɗaukar lokacin da aka ɗauka ana tsaga kaba guda goma. Idan matar aure ce, ba ma ita za ta je ba, yaro za ta ba ko wata dattijuwa. Mai sari ya ɗaga, ya juya, ya taya. A ce albarka. Ya ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya ce, “Inna, ki yi haƙuri ki sallama, kasuwa ba daɗi, ga ta roba can ta cika gari.” Rana ta yi, ana jiran kuɗin cefane a gida, mota za ta tashi. Sai a sallama. Tabarmar ta hau bayan mota ta nufi Kano ko Maiduguri, ko ta bi ta Maigatari ta tsallaka Nijar. Wadda ta saƙa ba ta san inda ta sauka ba, ba ta san nawa aka saye ta a can ba, wanda ya shimfiɗa ta kuwa bai san sunan ƙauyen da ta fito ba.

Ba na cikin masu zagin dillali da mai sari. Shi ne ya san direba, shi ne ya biya kuɗin lodi, shi ke ɗaukar asara idan ruwa ya doki kaya a hanya ko kasuwa ta faɗi. Ba don dillaliya ba, matan kulle da ke ɗinkin hula da saƙar faifai da ba su taɓa ganin kwabo daga aikin hannunsu ba. Maganar tabarmar roba ma gaskiya ce: ta fi araha, ana wanke ta, ta ƙwace kasuwar masallatai da makarantu. Abin da ke ci mini rai shi ne duk sanin kasuwa ya taru a hannu ɗaya. Mai saƙa ta san kaba, mai sari ya san farashi, kuma a ciniki wanda ya san farashi shi ke da wuƙa da nama.

Akwai wani mai sana'a a ƙasar nan da ya haɗa hannu biyun, marubuci ne kuma mai aikin hannu ne: alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka. Haɗeja na cikin garuruwan da almajiri ke nufa idan ya ce ya tafi gabas neman tilawa. Alaramma shi zai feƙe alƙalaminsa, ya haɗa tawadarsa da ƙaro, baƙa daban, ja daban, rawaya daban don wasali da alamomi, ya zauna watanni yana rubutu warƙa bayan warƙa, ya yi zayyana a farkon surori da wuraren da aka saba ƙawatawa, baduku ya ɗinka masa gafaka. Tun daga tsakiyar ƙarnin da ya wuce 'yan kasuwar littattafan addini na Kano suka gano cewa za a iya ɗaukar hoton irin wannan rubutu a buga dubbai a inji. Da haka hannun Sharif Bala na Gabari ya shiga kusan kowace tsangaya a Arewa, har yara suka tashi suna kwaikwayon rubutunsa. Inji ya kai hannun gwani inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. Amma ya kuma sa mai son Alƙur'ani ya sami bugu da araha, rubutun hannu na asali ya koma abin da sai mai hali ko mai sha'awa ke nema. Gwanin da ke zaune a Haɗeja ko Kafin Hausa, idan ba wani ya haɗa shi da irin wannan mai saye ba, aikin shekara guda zai tafi a farashin da bai kai kuɗin buhunan shinkafa kaɗan ba.

Marubutan zube na zamani sun taɓa fasa irin wannan ƙangi, kuma labarin yadda suka yi ya cancanci kowane matashin marubuci ya san shi. Tun daga gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, har zuwa gasar NNPC da ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980, buga littafin Hausa sai da yardar wata hukuma ko wani kamfani. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta kawai. Sai matasa suka daina jira. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina da kanta. Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya, Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna wanda ya karaɗe ƙasar Hausa. Marubuci ya rubuta, ya kai a buga masa a keken rubutu, ya kai maɗaba'ar unguwa, ya ɗauko a kafaɗa ya kai wa masu sayar da littattafai na wajen Bata da kasuwar Sabon Gari a Kano. Malamai irin su Ibrahim Malumfashi suka kira abin Adabin Kasuwar Kano suna sukar ingancinsa, Abdalla Uba Adamu da wasu suka tsaya masa, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu. Ana can ana muhawara, mata a cikin gidaje na koyon karatun boko don su karanta da kansu.

Abin da ya fi burge ni a wannan tarihi ba yawan littattafan ba ne, ƙungiyoyin ne. Raina Kama da Kukan Kurciya da ire-irensu sun haɗa marubutan da ba wanda zai iya tsayawa shi kaɗai a cikinsu. Suna duba wa juna rubutu, suna sa tambarin ƙungiya a bango, suna tallata littafin ɗan'uwa a bayan nasu, wani lokaci su yi karo-karo a buga na wanda bai da hali. Mai karatu ya ga tambarin ya san abin da zai saya.

Sai dai duk wannan a Kano aka yi. Marubucin Haɗeja, ko bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, sai ya yi tafiyar kusan sa'a uku a mota da rubutunsa a jaka. Kuma ko a Kano ɗin, a hankali ƙarfi ya koma hannun 'yan kasuwa. Mai shago ya karɓi littafi bashi, ya biya kaɗan-kaɗan, ko ya sayi labarin gaba ɗaya a kuɗi ƙalilan ya yi ta bugawa shekara da shekaru. Daga baya fim ya janye wasu marubutan, sannan waya ta janye masu karatu. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, takarda daga waje ake shigo da ita, duk faɗuwar da naira ta yi sai ta bayyana a farashin bugu. Yau rumfunan da a da ake turereniya a gabansu, da yawa sun koma sayar da wani abin.

Waya ita ce ta share tafiyar Kano. Ga yadda abin yake a yanzu. Yarinya ta gama aikin gida, dare ya yi, ta kwanta da wayarta, manyan yatsu biyu na aiki. Ta rubuta shafin yau, ta tura a guruf ɗin WhatsApp ko a Wattpad ko a shafinta na Facebook. Shafukan farko kyauta ne, don a ɗanɗana. Daidai inda labari ya ɗauki zafi sai ta sanar cewa na kyauta ya ƙare, mai son ci gaba ta tura 'yan ɗaruruwan naira a asusu kaza, ko katin waya, ta aiko da shaidar biya a sa ta a guruf na masu biya. Kafin gari ya waye sharhi ya cika: wata na kuka, wata na zagin kishiyar da ke cikin labarin, wata na roƙon kada a kashe wane. Abubakar Imam bai taɓa jin muryar masu karatunsa da irin wannan sauri ba. Masu biyan nan kuma ba a Haɗeja kawai suke ba. Akwai na Damagaram, akwai na Kumasi, akwai matan da ke zaune a Jidda da Khartum. Ba kuɗin takarda, ba kuɗin mota, sai na data da na cajin waya a shagon mai janareta ko mai sola.

Wannan ci gaba ne na gaske, kuma na san gidajen da kuɗin rubutun waya ke saya musu sabulu da omo, har da kuɗin makarantar ƙanne. Amma masu tare hanya ba su ɓace ba, kama kawai suka sake. Cikin masu biya sai a sami wadda za ta kwashe shafukan ta haɗa su wuri ɗaya ta watsa kyauta, wani lokaci har a cire sunan marubuciyar. Masu tashoshin YouTube da ke karanta littattafai da murya suna da dubban masu saurare, mata na girki suna ji, direbobi na tuƙi suna ji. Nagari a cikinsu suna neman izini su biya. Wasu kuwa ɗauka kawai suke yi, su ci kuɗin talla wata da watanni, marubuciya ba ta ma sani ba sai wata ƙawa ta turo mata. Su ma manhajojin sayar da littattafai ba wurin da mutum zai jingina ya yi barci ba ne. OkadaBooks, wadda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a kanta, ta rufe a ƙarshen 2023. Wanda bai ajiye kwafin aikinsa da lambobin masu karatunsa a wani wuri ba, da rufewar ya rasa kasuwarsa.

Doka tana nan. An sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya a 2023, kuma ta shafi abin da aka wallafa a intanet. Rubutu mallakar mai shi ne tun daga ranar da ya rubuta, ko an buga a takarda ko ba a buga ba. Amma yarinyar da ke Malam Madori ba za ta ɗauki lauya kan littafin da ta sayar a 'yan ɗaruruwa ba, ɓarayin kuma sun san haka.

Gasa ma ƙofa ce, ƙarama amma mai haske. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta mata zalla, Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta. A 2022 Amira Souley daga Maraɗi ta zo ta ɗaya, abin da ya nuna ba sai mutum na zaune a Kano ko Kaduna ba. Amfanin irin wannan gasa ya wuce kyautar: tana tilasta wa marubuci ya taƙaita, ya gyara ƙa'idar rubutu, ya daina jan labari don kawai shafuka su yi yawa. Sai dai mutum uku ake ɗauka a shekara. Rediyo ta fi ta faɗi. Tsofaffin marubuta da yawa sun fara jin sunansu ne a shirin Shafa Labari Shuni na Rediyon Tarayya Kaduna, inda ake karanta labaran da masu saurare suka aiko. Yanzu da Haɗeja ke da gidan rediyo a cikin gari, Sawaba FM, ban ga abin da zai hana a riƙa jin labaran 'yan gida da muryar 'yan gida ba.

A nan zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Yawancin labaran da ake yayi a waya, ko daga ina marubucin yake, gida ɗaya suke zaune: katafaren gida a Abuja, saurayi mai kamfani, hutun amarci a Dubai. Ban raina mafarki ba, mai karatun da ta wuni a gaban murhu tana da haƙƙin ta huta a cikin littafi. Amma marubucin Haɗeja da ya shiga wannan layi ya shiga gasa da dubban mutane a kan abin da bai fi su sani ba, ya bar abin da ba wanda ya kai shi sani. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, rayuwar fadama ta juya. Ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani, ya koma yana gudana kusan duk shekara. Ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa ruwa ya cinye gonakinsu, wasu kuma reshen da suke sha ya ƙafe. Tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya a cikinta suna sauka kan shinkafa. Masunci ya koma manomi, manomi ya koma ɗan ci-rani, makiyayi ya tarar da burtalinsa ya zama gona. A 2020 da 2022 mutanen Haɗeja sun ga matasa na kwana kan jinga suna cika buhuna da ƙasa don kada ruwa ya shigo gari. Ga tarihin Sarkin Haɗeja Buhari da ya gagari Sakkwato, ga Sarki Muhammadu da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa ya yi shahada a 1906. A cikin kowane ɗaya daga waɗannan akwai soyayya da kishi da cin amana da jarumta, duk abin da mai karatu ke biya don ya samu. Rahoton masana ya ƙirga kadada nawa kachala ta cinye. Abin da ke faruwa a zuciyar magidancin da ya tsaya a kwalekwale a kan gonar da ya gada, sai marubuci.

Masu sana'ar hannu su ma waya ta buɗe musu ƙofa, amma tasu ta fi nauyi, domin labari na tafiya a iska, tabarma kuwa sai ta hau mota. Duk da haka ana yi. Mai ɗinkin hula ya ɗauki hoto ya sa a WhatsApp ko Instagram, wani a Legas ya gani ya tura kuɗi, a kai kaya tasha a ba direba, a tura wa mai saye lambar direban. Shagunan POS da suka bazu har ƙauyuka, musamman bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sun sa karɓar kuɗi daga nesa ya zama ruwan dare. A birane kuma an sami masu son faifai da kwando da tabarmar kaba don ado a falo da otal da wajen biki, suna biyan abin da mai sarin ƙauye ba zai taɓa tayawa ba. Irin wannan mai saye yana da sharaɗi: yana son girma iri ɗaya, launi iri ɗaya, guda hamsin a rana kaza. Mace ɗaya ba za ta iya ba. Mata ashirin da suka yarda da ma'auni ɗaya, da 'yar ɗayansu mai waya da ta iya lissafi, za su iya. Ita kanta kachalar da ake kuka da ita, a kwarin kogin Senegal ana sarrafa ta a yi gawayin girki, a nan yankin ma an yi gwajin mayar da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Ganyenta na saƙuwa. Wanda ya fara fitar da kaya masu kyau daga cikinta ba zai sayi kayan aiki ba, sai ma a gode masa da ya yanka.

Mutanen fadama ba baƙin haɗa hannu ba ne. Suna gayya a gona, suna adashi, masunta na da sarkin ruwa da ke tsara ranar su. Abin da Raina Kama ta yi a Kano da keken rubutu, marubuta goma a Haɗeja za su iya yin sa da waya: mai duba ƙa'idar rubutu ɗaya, tambari ɗaya, tashar murya tasu ta kansu da wani mai daɗin murya a cikinsu zai riƙa karantawa, kuɗin talla ya shigo asusun ƙungiya a raba. Idan wata tasha ta ɗauki littafin ɗayansu ba izini, ƙorafin mutum goma da masu karatunsu ya fi na mutum ɗaya isa, kuma YouTube na da hanyar shigar da ƙarar satar fasaha wadda ba a biyan ko kwabo. Idan za a sayar wa mai tasha ko mai fim labari, a rubuta a takarda: nawa ne, na shekara nawa ne, murya kawai aka sayar ko har da fim, shaidu biyu su sa hannu. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, da kwalejin Binyaminu Usman da ke cikin Haɗeja, suna da ɗakunan taro da malamai da ɗalibai masu neman abin bincike. Zama ɗaya a wata, marubuta su karanta abin da suka rubuta, masu saƙa da masu hula su baje kayansu a bakin ƙofa da farashin da su suka yanka, ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Yana buƙatar wanda zai nemi aron ɗakin, da wanda zai riƙe littafin asusu kowa ya yarda da shi.